Rigar Zuwa Bakin Teku

"…Lafiya ƙalau na kwana. Sai yanzu da na gan ka safiyar ta ɓaci."

Amsar da Kaka ta jefo wa jikanta ke nan tun daga bakin ƙofar shago, kafin ma ya ƙarasa gaisuwar. Yana zaune bayan keken ɗinki, tef ɗin awo rataye a wuya, allura a baki, ga ɓarɓashin yadi ya cika masa cinya. Duk layin, Tela ake ce masa. Kaka kaɗai ke kiransa Zare, tun yana yaro, saboda Allah ya yi shi dogo siriri, girma kuma bai ƙara masa komai ba sai tsawo.

Ya zare allurar daga baki ya leƙa bayanta, yana neman wanda ya riƙo mata hannu. Babu kowa. An yi shekaru Kaka ba ta taka ƙofar gida sai da jagora, tun da yanar ido ta rufe mata idanu duka biyun. Kwanakin baya aka yi mata aiki a asibiti aka cire yanar. Yau ga ta tsaye ita kaɗai, da ƙaton baƙin tabarau irin wanda likita ke bayarwa, da jakarta a kafaɗa, ko sanda babu. Ya rasa ko dariya zai yi ko kuka. Amma shi da Kaka ba su saba nuna wa juna irin wannan ba. Sai ya haɗiye abinsa, ya ɗaure fuska.

"Wa ya bar ƙofa a buɗe tsohuwa ta tsere?"

"Wanda ya bar ka ka buɗe shago ba ka iya ɗinki ba."

"Ke kaɗai kika tsallako titin nan?"

"Ni kaɗai. Motoci ma tsayawa suka yi suna kallona. Wani direba har da ɗago mini hannu."

"Zaginki ya yi."

"Gaisuwa ce. Kai da ba a taɓa ɗaga wa hannu ba, ina za ka sani?"

Ya kwashe tarin yadin da ke kan benci ya kakkaɓe mata wuri. Ta zauna tana nishi, ta ɗage tabarau zuwa goshi, ta yafito shi da yatsa.

"Matso nan inda haske yake. Sunkuyo. Juya." Ta ƙare masa kallo, sannan ta girgiza kai. "Kai, jama'a! Da na san abin da zan gani ke nan, da na ce wa likita ya bar mini ido ɗaya a rufe."

"To fa."

"Duk shekarun nan ina jin muryarka a duhu, ina cewa yaron nan ya cika, ya yi kyau, ya zama mutum. Ashe muryar ce kawai ta girma. Dubi wuya kamar na zalɓe. Dubi kunnuwa, kamar an kafa wa kofi hannu biyu."

"Gado ne, Kaka. Kowa ya gan ni cewa yake ke na ɗebo."

"Ni? A zamanina in na fito unguwa, masu keke kwata suke faɗawa."

"Tsoro ne yake kada su."

"Bakinka ya fi almakashinka kaifi, shi ya sa kake talauci. Karɓi nan."

Ta zaro yadi daga jaka ta shimfiɗa a kan teburin yanka. Shuɗi ne mai haske, da ɗan ratsin fari a baki. Zare ya murza shi tsakanin yatsu kamar yadda ya saba, ya ji laushinsa, ya san ba na banza ba ne.

"Wa ya zaɓa miki?"

"Idona. Na gaji da sa abin da kuka zaɓa mini. Da na buɗe akwatina bayan aikin nan sai da na yi salati. Ashe duk shekarun nan kamar buhun gawayi kuke fitar da ni. Doguwar riga nake so, mai aljihu biyu, mai nauyi a ƙasa, wadda iska ba za ta ɗaga ba."

"Wace iska? Ke da ko fanka aka kunna sai kin ce za a kashe ki?"

"Iskar teku."

Ƙafar Zare ta zame daga kan matakin keke, keken ya yi gurnani shi kaɗai ya tsaya.

Maganar ita ce, shi da maƙwabcinsa mai gyaran waya sun daɗe suna ƙulla tafiya a ɓoye. Akwai wani birni a bakin teku da suke kallon hotunansa duk lokacin da kasuwa ta yi sanyi: fararen gidaje sun hau tudu suna leƙen ruwa, kwale-kwale masu launi sun yi layi a gaɓa, ga doguwar hanya mai itatuwan kwakwa da mutane ke yawo da yamma. Sun kama kujeru biyu a jirgin ƙasa, sun kama ɗaki. Sai jiya mai gyaran waya ya shigo yana sosa ƙeya, ya ce cikin matarsa ya tsufa, ta ce ba inda za shi. Zare kuwa tun da aka haife shi bai taɓa kwana a wani gari ba. Ya ce wa abokin ba komai, shi zai tafi abinsa. Amma da gari ya waye ya riga ya yanke a ransa cewa in ya tashi daga aiki zai je tasha ya mayar da tikitin, ya rufe zancen. A gida kuwa bai taɓa faɗa wa kowa ba.

"Teku?" ya ce, yana gyara zaren da bai tsinke ba. "Wace teku? Ko randar tsakar gida kike nufi?"

Kaka ta ɗaga kai. Ta nuna da haɓa can bayan labulen gwaji, inda wata riga ke rataye ta leƙo rabi.

"Wancan fa? Zanen gadon wa ka yanka?"

Riga ce ja mai gajeren hannu, an zuba mata aku da itatuwan kwakwa da wata rana mai murmushi, ga gajeren wando rawaya a ƙarƙashinta. Da hannunsa ya ɗinka su, ya gwada su a gaban madubi ya fi a ƙirga, bayan ya rufe ƙofa.

"Na wani mai kawo ɗinki ne."

"Allah sarki. Mai kawo ɗinkin da faɗin ƙirjinsa bai wuce tafin hannuna ba, tsawonsa kuma ya kai ƙofa? A garin nan mutum ɗaya Allah ya yi wa wannan halitta, kuma ni na yi masa wankan farko."

"Kaka, idon nan naki ya yi yawa. A koma a rage."

"Matar abokinka ta zo duba ni jiya, tana turo ciki gaba. Ta ce ta hana nata mijin tafiya, ta bar nawa a shago yana zare ido. Na ce to, ai ba a haka. Mijina ba zai yi asarar kujera ba ina raye."

"Wa ya ce miki ina neman abokin tafiya?"

"Fuskarka."

"Ni kaɗai zan tafi. Namiji ne ni."

"Kai da aka aika kasuwar bayan gari ka dawo a motar 'yan sanda, wai ka ɓata?"

"Ina yaro ne lokacin!"

"Kana da gemu. Ɗan kaɗan ne, amma gemu ne."

Zare ya miƙe, ya ɗauki alli ya ajiye, ya ɗauki almakashi ya ajiye. Ya ga in bai tsorata tsohuwar nan ba, to ta gama da shi. Ya jawo kujera ya zauna a gabanta, ya sassauta murya kamar mai ba da labarin mutuwa.

"Kaka, ba ki san teku ba. Ruwa ne da ba shi da ɗaya gefen. In kika tsaya a bakinsa sai ya taso tsaye kamar bene, ya zo ya duba fuskar mutum. Matasa yake ƙyalewa. Tsofaffi kuwa kwashe su yake yi, wai ya fi son nama mai tauri."

"Ka taɓa gani?"

"Na karanta."

"To ni na ji an ce sirara yake fara ɗauka, yana sakace haƙori da su."

"Akwai kifi a ciki, wanda in ya buɗe baki motar haya za ta shige har da fasinja."

"Madalla. Sai mu tafi da babbar tukunya."

"Ruwan ma ba ya shawuwa. Gishiri ne zalla."

"Ka ga an huta da sayen gishiri. Zan tafi da jarka."

"Ba a ɗiba! Akwai masu gadi."

"Ruwan da ba shi da ɗaya gefen ne za a yi wa rowar jarka guda? Ai ko babanka bai kai haka maƙo ba."

Dariya ta kusa kuɓuce masa, ya mayar da ita tari. Ya sake salo.

"To jirgin ƙasa fa? Yini guda ana jijjiga. Gwiwoyinki da suke ƙara kamar tsohuwar ƙofa?"

"Zaune zan yi, ba ni zan tura jirgin ba. Kuma kujerar taga tawa ce."

"Ni na kama ta!"

"Me za ka kalla? Kai ka yi shekaru kana gani ba ka amfana komai ba. Ni sabon ido gare ni, ko ledarsa ba a gama cirewa ba."

"Minsharinki fa? Za a sauke mu a daji."

"Ni ba na minshari. Numfashi nake da ƙarfi, don ku san ina nan, kada ku fara rabon kayana."

"Wane kaya? Tsohuwar rediyo da kwalaben magani?"

"Su ɗin ma ba za ka samu ba. Na cire ka."

Ya ciro wayarsa, da nufin ya nuna mata tudun da gidajen suka hau, ko ganin matakala zai sa gwiwarta ta yi sanyi. Kuskuren da ya yi ke nan. Kaka ta karɓe wayar, ta matso da ita kusa da hanci, ta janye ta nesa, ta sami daidai, daga nan kuma sai ta zama ita ce shugabar tafiya.

"Wannan doguwar fa mai kan gilas?"

"Hasumiya ce. Fitila ce a samanta, tana nuna wa jiragen ruwa hanya. Ana hawa, amma matakalar ba ta ƙarewa. Ba ta tsofaffi ba ce."

"Sai ka goya ni."

"In goya ki? In karye?"

"Na goya ka har bayana ya lanƙwashe, kana mini fitsari kana ja mini gashi. Yanzu layi ya zo kanka. Tura gaba. Nan fa?"

"Kasuwar kifi. Da sassafe ake zuwa, lokacin da masunta ke dawowa."

"Nan za mu fara. Ni zan yi ciniki, kai ka riƙe baki. In suka ga rigar akun nan za su san baƙo ya zo, su ninka mana komai. Ka tsaya nesa kamar ba tare muke ba. Wannan ɗakin ne?"

"Shi ne. Gado biyu. Tagar tana kallon ruwa."

"Gadon da ke jikin taga nawa ne."

"Kaka, jirgi taga, ɗaki taga. Ni ina zan kalla?"

"Ka kalle ni. Wasu ma nema suke ba su samu ba."

Ta ci gaba da tura hotunan da babban yatsa, a hankali, kamar mai tsoron kada ta goge su. Da ta iso wani hoto, inda rana ke faɗuwa cikin ruwa ta mayar da shi ja, sai ta ƙura masa ido. Zare ya lura yatsan ya tsaya. A waje wani mai babur ya wuce yana hon, rediyon maƙwabta na ta surutu, ita kuwa ko ƙiftawa ba ta yi.

"Kaka," ya ce, wannan karon ba da muryar wasa ba. "Tsakani da Allah, me ya sa?"

Ta ajiye wayar a cinya.

"Ranar da aka kwance mini bandeji, kowa ya zagaye gado yana cewa, Inna kin gan ni? Kaka kin gan ni? Ni kuwa ban fara ganin kowa ba. A bangon da ke gabana akwai kalanda, da hoton garin nan a jiki. Shuɗin ne ya fara shigo mini ido. Zare, na manta da shuɗi. Wallahi na manta. Ina jin ana faɗar sunansa, amma ya ɓace mini a kai. Na tambayi ma'aikaciyar jinya, na ce 'yata, wannan zane ne ko akwai shi a duniya? Ta ce akwai shi, Kaka, mutane ma suna zaune a ciki, suna shanya kayansu." Ta shafa yadin da ke kan tebur. "Shekarun da na yi a duhu sun tafi, ba mai dawo mini da su. Idon nan kuwa karo na biyu aka ba ni. Ba zan ƙarar da shi a kallon bangon ɗaki da fuskokinku ba."

Zare ya sunkuyar da kai yana tsince zaren da ya maƙale a wandonsa. Ya tuna yadda take lalubar fuskarsa da hannu in ya je gaishe ta, tana cewa ta ji ko ya yi ƙiba. Ya share maƙogwaro.

"To ai shi ke nan. Sai ki haɗa kaya."

"Da saura."

"Me kuma?"

"Babanka."

Ya dafe kai. Babansa mutum ne da in ya ce a'a, to ko shi kansa ba ya iya janyewa.

"Na gaya masa jiya," in ji Kaka. "Ya ce Inna, ba inda za ki da ɗanyen ido. Na ce likita ya sallame ni, ya ce in yi ta kallo har in gaji. Ya ce ko da hakan. Sai na ce masa ai ba don kaina ba ne."

"Don wa ne?"

"Don kai. Na ce ka zo ɗakina ka durƙusa, kana hawaye, ka ce abokinka ya gudu ya bar ka, kai kuma tsoron tafiya kake kai kaɗai. Ka riƙe ƙafata ka ce Kaka ki rufa mini asiri ki raka ni."

"Ni? Na riƙe ƙafarki?"

"Duka biyun."

"Kaka! Da girmanki?"

"Ban ƙara komai ba sai hawayen da ƙafar. Sauran gaskiya ne, ko ba gaskiya ba ne?"

Ya kau da kai.

"Babanka ya ce in ya ji daga bakinka, ya yarda," ta ƙarasa, tana mayar da tabarau kan hanci. "Na ce masa ya kira ka da hantsi."

Kamar jira ake ta rufe baki, wayar ta ɗauki ruri a cinyarta. Ta duba, ta miƙo masa da murmushi har kunne.

"Ka ga amfanin ido? Har sunan na karanta. Sa shi a fili in ji."

Zare ya karɓa da hannu biyu, ya miƙe tsaye kamar baban yana ganinsa. Suka gaisa, aka tambayi aiki, aka tambayi kasuwa. Sannan muryar ta yi nauyi.

"Wace magana nake ji? Wai za ka bakin teku, ba ka gaya wa kowa ba?"

"Dama ina shirin in zo in same ka, Baba."

"Inna ta ce kai ka roƙe ta ta raka ka. Wai tsoro kake ji. Na san halin Inna, kuma na san ku biyun in kun haɗu ba a gane gaskiya. Ina so in ji daga bakinka. In ƙirƙira ta yi, ka faɗa mini yanzu, in rufe maganar."

Zare ya dubi Kaka. Ya san in ya amsa, to ya shiga bakin dangi ke nan har abada. Ƙannensa za su ji, 'ya'yan gwaggo za su ji, ranar aurensa ma sai an tayar da zancen. Kaka ba ta yi masa alama ba, ba ta ƙifta ido ba. Ta dai damƙe bakin yadin nan shuɗi a hannu, kamar yarinyar da ake shirin ƙwace wa abin wasa.

"Haka ne, Baba," ya ce. "Ni na roƙe ta."

"Tsoro kake ji?"

"Ina ji."

"Har da kuka?"

Ya rufe ido. "Ɗan kaɗan."

Sai wani sauti ya fito daga wayar wanda Zare ya daɗe bai ji ba, babansa yana dariya, har da tari.

"Ƙato da kai! To shi ke nan. Amma ka saurare ni. Maganin ɗiga mata a ido safe da yamma, kada ka kuskura a tsallake. Kada ta cire tabarau a rana. Kada ta shiga ruwa. In ta ce za ta hau wani abu, ka hana ta."

"Baba, kai ka taɓa hana ta wani abu ta hanu?"

"Shi ya sa na ce kai ka yi. Allah ya kiyaye hanya. Inna, ina jin numfashinki, na san kina nan. Ki kula mini da yaron."

"Zan riƙe masa hannu a titi," in ji Kaka.

Wayar na mutuwa ta saki guɗar dariya, tana buga cinya, har tabarau ya karkace. Zare ya zube a kujera ya rufe fuska da yadin wani.

"Kin kashe ni. Kin gama da ni a dangi."

"Ɗan kaɗan! Wai ɗan kaɗan! Ni ma ban ce ka amsa kukan ba, kai ka ƙara da kanka."

"Tashi in auna ki, kafin in canza ra'ayi."

Ta miƙe ta baza hannuwa kamar mai shirin tashi sama. Ya ja tef daga kafaɗa zuwa ƙasa, ya duba, ya sake dubawa.

"Kin ƙara gajarta. In muka daɗe ba mu tafi ba, a aljihu zan sa ki, mu huta da kujera."

"Ƙasa nake matsowa kusa da ita, in ga abin da kuka yar. Ka saki ƙugun, kifi zan ci ba wasa ba."

"In saki nawa?"

"Ka saki kamar na mutum biyu. Kuma in ka yi mini hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, yanzu ina gani. Zamanin cuta ya wuce."

"Ni ban taɓa cutarki ba."

"Rigar da ka ɗinka mini bara, aljihun a baya yake."

"Baibai kika sa ta!"

Ya rubuta awon da alli a gefen yadin, yana ta gunaguni, amma ɗoki ya cika shi. A ransa ya riga ya ga inda zai bi da farin ratsin, ya zagaye wuya da bakin hannu. Ya kuma ji nauyin da ya kwana da shi a ƙirji ya sauka, ba zuwa tasha, ba mayar da tikiti. Kaka ta saɓa jaka za ta fita, ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo.

"Af, na kusa mantawa. Kai ka iya iyo?"

"Sosai ma."

"A ina ka koya? A bahon da kake ihu in an zuba maka ruwa a ka, har maƙwabta suna leƙowa ta katanga?"

"Sabulu ne yake shiga mini ido."

"Na sani. Shi ya sa na biya ta shagon kayan yara."

Ta zura hannu can ƙasan jaka ta zaro wata roba rawaya a ninke, ta ajiye masa a kan keke. Ya warware. Robar iyo ce ta ƙananan yara, irin wadda ake hurawa a zura a ƙugu, da kan agwagwa a gaba, da jan baki, da manyan idanu.

"Mai shagon ya ce ta 'yan shekara biyar ce," in ji Kaka. "Na ce masa ƙugun ɗaya ne."

Zare ya dubi agwagwa, agwagwa ta dube shi. Sai dariyar da yake ta dannewa tun safe ta ɓalle, ya kife a kan teburin yanka yana bugun katako, hawaye na zuba, na gaske wannan karon.

"Na sallama, Kaka! Kin ci. Ɗauki tagar jirgi, ɗauki ta ɗaki, ɗauki duka."

"Da ma nawa ne," ta ce, ta sa ƙafa a titi. "Ka hura ta ka gwada kafin mu tafi. In ta yi maka yawa, sai ka rage ta a keke."